Na'ura A Cikin Jikin Ɗan Adam: Ina Rabon Manomin Auyo?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar Auyo da rani zai ga yadda injin ban ruwa ya zama ɗan gari. Manomin shinkafa ya san kukansa, ya san ranar da zai buƙaci baƙin mai, ya kuma san bakaniken da zai kai wa in ya tsaya. Tun da aka kafa aikin noman rani na kwarin Kogin Haɗeja, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe gyararren sashensa a watan Janairu na 2023, mutanen wannan yanki suka saba da zama tare da na'ura a gona. Amma akwai wata irin na'ura da ba a ajiye ta a bakin kwalbati, ba a kuma ɗora ta a kan amalanke. Likita ne yake yanka fata ya saka ta a cikin jikin mutum ya ɗinke, ta zauna a ciki shekara da shekaru tana aiki, mai ita yana barci ko yana farke.

Mai karatu zai iya zaton wannan labarin ƙasashen Turai ne kawai. To, ba haka ba ne. A ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Miga, kamar sauran sassan Arewa, akwai tsofaffin da suke gani da ƙwayar roba a cikin idonsu, akwai matan da suke ɗauke da ashanar fata a damtse, akwai kuma samarin da suka faɗi a babur aka ɗaure musu ƙashi da ƙarfe. Watau abin ya riga ya iso. Abin da ya rage mu tambaya shi ne, ina aka nufa da shi, kuma wa zai amfana?

ƘWAYAR ROBA A CIKIN IDO

Bari mu fara da wanda ya fi kusa da mu. Idan mutum ya manyanta, ƙwayar da take tattara haske a cikin idonsa takan dushe, abin da muke kira yanar ido. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan ido Bature mai suna Harold Ridley, wanda har ya yi aikin soja a ƙasar Gana ya kuma yi nazarin makantar da ƙudan bakin rafi suke jawowa, ya lura da wani abu. Matuƙan jiragen yaƙin Ingila da tarkacen robar murfin jirgi ya shige musu ido, idon nasu bai ƙi robar ba, bai kumbura ba. Sai ya ce a ransa, ashe ana iya cire ƙwayar da ta dushe a sa ta roba a gurbinta. A watan Nuwamba na 1949 ya fara wannan aiki a Asibitin St Thomas da ke Landan. 'Yan uwansa likitoci suka daɗe suna sukarsa, amma yau aikin nan yana cikin fiɗar da aka fi yi a duniya.

Abin lura gare mu shi ne yadda ƙwayar ta sauko har talaka ya samu. Da fari tsadarta ta sa sai masu hali. A shekarar 1992 wani asibitin ido a garin Madurai na ƙasar Indiya ya kafa masana'antarsa mai suna Aurolab, ya riƙa ƙera ƙwayar a kan 'yan daloli kaɗan. A 1994 gidauniyar Fred Hollows ta kafa irin wannan masana'anta a Asmara ta ƙasar Iritiriya da kuma ƙasar Nepal. Daga nan farashi ya faɗi warwas, shi ya sa yanzu asibitoci irin su Asibitin Ido na ECWA da Asibitin Ido na Makka a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, suke iya yi wa mutane masu yawa aiki a yini guda.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yanar ido ce take jawo sama da kashi 40 cikin 100 na makanta a Nijeriya. Ya kuma nuna cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 masu maganin gargajiya ne suka soka musu tsinke suka tura ƙwayar ta faɗa can cikin ido. Wannan dabara takan ba da ɗan haske na 'yan kwanaki, amma sau da yawa ƙarshenta makanta ce da babu magani. Ƙwayar roba tana Kano, tsohon da yake buƙatarta yana ƙauye kusan kilomita 200 daga can, mai tsinke kuwa yana zuwa masa har zaure.

ASHANAR FATA DA ƘARFEN ƊORI

Na biyu shi ne ashanar fata, watau ɗan sandan roba mai kama da tsinken ashana da ake sa wa mace a ƙarƙashin fatar damtse domin tazarar haihuwa. Yana sakin magani kaɗan-kaɗan cikin jini. An fara amincewa da irinsa na farko, Norplant mai tsinke shida, a ƙasar Finland a 1983. Daga baya aka fito da Jadelle mai tsinke biyu wanda yake aiki shekara 5, da Implanon mai tsinke ɗaya na shekara 3. A 2013 wata yarjejeniya tsakanin masana'antu da masu ba da agaji ta rage farashin Jadelle daga dala 18 zuwa dala 8.50 ga ƙasashe matalauta. A 2014 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin da ya ba ma'aikatan lafiya na karkara damar koyon saka shi. Waɗannan abubuwa biyu, sauƙin kuɗi da horar da na kusa, su suka kai shi ƙananan asibitocin ƙauye.

Amma ashanar fata ta koya mana wani darasi, wato sakawa ta fi cirewa sauƙi. Macen da ta ga jininta ya rikice, ko ita da maigidanta suka yanke shawarar sake haihuwa, haƙƙinta ne a cire mata a lokacin da ta nema. Idan ta je ta tarar wadda ta iya cirewa an yi mata canjin wurin aiki, ko babu kayan aiki, to labarin da za ta kai wa kishiyoyi da maƙwabta zai hana mata goma zuwa.

Haka nan ƙarfen ɗori. Likitan Jamus Gerhard Küntscher ne ya fara cusa doguwar ƙusa a cikin ɓargon ƙashin cinya a 1939, kuma a 1962 John Charnley na Ingila ya kammala dabarar sauya ƙugu da ƙarfe da roba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, yana irin waɗannan ayyuka. Maɗori na gargajiya yana da nasa gurbin a zuciyar jama'a, to amma karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito, ko ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudu, su ne suke kai yara da yawa ga yanke hannu ko ƙafa.

ZUCIYA DA KUNNE

Waɗanda muka ambata a sama ba su da batir. Akwai kuma masu aiki da lantarki, kuma babbarsu ita ce na'urar daidaita bugun zuciya. Zuciya tana da nata ɗan lantarki da yake ba ta umarnin bugawa. Idan hanyar wannan lantarki ta toshe, bugun yakan ragu har mutum ya riƙa jiri yana faɗuwa sumamme. Ran 8 ga Oktoba, 1958, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, likita Åke Senning ya saka wa wani mutum mai suna Arne Larsson na'urar farko da injiniya Rune Elmqvist ya ƙera. Cikin 'yan sa'o'i ta mutu aka sa wata. Larsson ya yi amfani da na'urori 26 a rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi. Ta yau ba ta kai akwatin ashana kauri ba, batirinta yakan kai shekara 10, kuma a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata mai girman ƙwayar kafso da ake turawa ta jijiyar cinya har cikin zuciya.

Ana saka wannan na'ura a manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu albashi, balle manomi. Saboda haka ne Jami'ar Michigan ta Amurka ta kafa wani shiri na karɓar na'urorin da aka cire daga jikin mamata da izinin iyalansu, a duba ƙarfin batirin, a wanke a kashe ƙwayoyin cuta, a aika wa ƙasashen da ba su da hali. Wani zai ce abin da ƙyama, amma da babu gara ba daɗi.

Ta kunne kuwa, a ƙarshen shekarun 1970 aka fara saka irin ta zamani a Biyana ta ƙasar Ostiriya da Melbourne ta Ostireliya. Ana zura siririyar waya a cikin dodon kunne, ta riƙa mayar da sauti lantarki tana taɓa jijiyar ji kai tsaye. Mu da muke zaune a yankin sanƙarau mun san darajar wannan, gama annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma da yawa cikin yaran da suka tsira kurumta ta same su. Amma kuɗin na'urar dubban daloli ne, kuma bayan fiɗa yaro yana buƙatar malamin da zai koya masa magana na tsawon shekaru.

CIWON DA YA FI DAMUN KWARIN HAƊEJA

A nan ne maganar ta zo gida. Shekaru da dama ke nan mutanen ƙasar Haɗeja, da na Gashuwa a Jihar Yobe da suke shan ruwan kogi ɗaya da su, suna kuka da yawan ciwon ƙoda. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda yake kama magidanta masu ƙarfi a jika, waɗansu ma ba su da hawan jini ko ciwon sukari, waɗanda su ne aka sani da lalata ƙoda. An ga irin wannan a tsakanin manoman shinkafa na ƙasar Siri Lanka da masu saran rake na Amurka ta Tsakiya. Masu bincike suna tuhumar aikin ƙarfi cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba, da magungunan feshi, da guba a ruwan sha, da yawan shan maganin ciwon jiki da jiƙe-jiƙe marasa awo, amma har yanzu ba su tsayar da magana guda ba.

Wanda ƙodarsa ta mutu hanya biyu gare shi. Ta farko wankin ƙoda, a haɗa shi da inji sa'a 4, sau 3 a mako, har iyakar rayuwarsa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki ɗaya daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta. Ko a wannan ragin ma, wanki 3 a mako ya kama Naira 36,000, ban da kuɗin mota da magani da ƙarin jini. Iyalai da yawa sukan sayar da shanun huɗa, sannan gona, sannan su dawo da maras lafiya gida. Hanya ta biyu dashen ƙoda, wanda aka fara cin nasararsa a Boston a 1954, a Nijeriya kuma a Asibitin St Nicholas na Ikko a shekarar 2000, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002. Shi kuma yana buƙatar ɗan uwa mai bayarwa, da maganin hana jiki ƙin baƙuwar ƙodar, wanda ake sha kullum har mutuwa.

To, masana suna neman hanya ta uku. Shuvo Roy na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco da William Fissell na Jami'ar Vanderbilt sun daɗe suna aikin ƙera ƙodar hannu mai girman kofin shayi. Sashe ɗaya matata ce mai ƙananan ƙofofi da take tace jini, ɗaya sashen kuma yana ɗauke da rayayyun ƙwayoyin ƙoda masu mayar da ruwa da gishirin da jiki yake buƙata. Ba ta da batir, ƙarfin bugun zuciya ne yake tura jini cikinta. A 2023 suka ba da rahoton cewa sashen ƙwayoyin ya rayu kwana 7 a jikin alade, amma ya zuwa 2024 ba a sa wa ɗan Adam ba. Waɗansu kuma sun bi ta hanyar dabba. A watan Maris na 2024 likitoci a Boston suka dasa wa Richard Slayman ƙodar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Ya rasu bayan kimanin wata 2, ko da yake likitocinsa sun ce ba su ga alamar ƙodar ce sanadi ba. Wata mata, Towana Looney, ta zauna da irin wannan ƙoda kwana 130 kafin jikinta ya ƙi ta a cire a watan Afrilu na 2025.

Saboda haka kada wani ya yaudari maras lafiya cewa ƙodar hannu tana bakin ƙofa. Wanda yake kwance yau a Haɗeja wanki da dashe ne kawai gabansa.

WAYA A CIKIN ƘWAƘWALWA

Abin da ya fi ɗaukar hankalin ɗalibai shi ne haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta. A watan Janairu na 2024 kamfanin Neuralink na Elon Musk ya saka wa Noland Arbaugh, wani saurayi da jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, wata na'ura mai girman kwabo a ƙoƙon kai, mai zare 64 da suka shiga ƙwaƙwalwa. Da tunani kawai ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta yana wasan dara irin na Turawa, duk da cewa bayan 'yan makonni da yawa cikin zaren sun zame daga inda aka sa su. Kafin nan, a 2023, masana a Jami'ar Stanford sun sa wata mata da cuta ta hana ta magana ta fitar da kalmomi 62 a minti ɗaya a allon kwamfuta. Wata rana wannan zai iya taimakon masu shanyewar ɓarin jiki. Amma a lura, yawancin na'urorin mayar da tunani magana da Turanci aka horar da su. Idan ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta da na harshe ba su tashi tsaye ba, ranar da abin ya iso ba zai ji Hausa ba.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Injin ban ruwa in ya lalace a kan jefar a sayi wani. Na'urar da take cikin jiki ba haka take ba. Wani kamfanin Amurka mai suna Second Sight ya ƙera na'urar ido, Argus II, wadda ta ba makafi ɗan haske, aka saka wa mutum sama da 350. A 2019 ya daina yin ta, a 2020 ya kusa rushewa, aka bar masu ita babu tabbacin gyara. A 2017 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a gyara manhajar na'urorin zuciya kimanin 465,000, domin an gano ɓarayin kwamfuta suna iya taɓa su daga nesa. Idan haka ta faru a ƙasar da aka ƙera kayan, yaya ga wanda aka saka wa nasa a wani gangamin kwana 3, likitocin suka hau jirgi suka tafi?

Sai batun amana. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma kowa ya san yadda shakku ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Maganin wannan shi ne a yi wa maras lafiya bayani da harshensa: mene ne za a sa masa, shekara nawa zai yi, wa zai duba shi, wa zai cire.

Ta fuskar addini kuwa maganar ba sabuwa ba ce. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Sahabi Arfajata ɗan As'adu, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa, ta hana sayar da su, kamar yadda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana. Batun ƙodar alade da waya a ƙwaƙwalwa kuwa, ya kamata malamanmu da likitocinmu su zauna a kansa tun kafin maras lafiya ya zo yana tambaya a bakin gado.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tarihin ƙwayar ido da ashanar fata ya nuna hanya. Ba ranar da aka ƙirƙiro su suka amfani talaka ba, sai ranar da farashi ya sauko aka kuma horar da ma'aikacin da yake kusa da shi. Ƙwayar ido ta ɗauki shekara sama da 40 kafin ta yi wannan tafiya. Aikin ma'aikatan Gwamnati shi ne su gajarta irin wannan jira: a riƙa kai aikin yanar ido manyan asibitocin ƙananan hukumomi a kai a kai, a sa na'urar zuciya cikin tsarin inshorar lafiya, a buɗe rajistar duk wanda aka saka wa wani abu a jiki, a kuma ba shi kati mai ɗauke da sunan abin da ranar sakawa. Kada a karɓi gangamin da bai tanadi mai duba marasa lafiya bayan tafiyarsa ba.

Game da ƙoda kuwa, rigakafi ya fi magani. Awon hawan jini da gwajin fitsari a kasuwannin ƙauye, da ruwan sha mai tsabta a bakin gona, da koya wa masu feshi rufe hanci da jiki, da kammala binciken musabbabin ciwon, duk suna cikin wannan rigakafi. Ɗalibai kuma su sani, bayan likita akwai bukatar injiniyan kayan asibiti, da ma'aikacin jinya mai duba batir, da malamin koyar da kurame magana. Yaron da ya iya kwance injin ban ruwa a bakin Kogin Haɗeja ya mayar, in ya samu makaranta, babu abin da zai hana shi gyara injin wankin ƙoda.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.